Guguwa uku a taswira ɗaya, wacce zan bi? Autarmu tana Tampa

Baban_Khalifa | Lahadi, 6 ga Oktoba 2024, bayan isha'i

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda ke zaune a Amurka ko suka san kan wannan abu ku taimaka min, wlh kaina ya ɗaure. Autarmu tana karatu a Tampa, jihar Fulorida, ko wata uku bata cika da zuwa ba. Kwana goma da suka wuce guguwar Helene ta bi ta gefensu, ita dai lafiya lau ta fita, wuta kawai aka ɗauke musu, amma tun daga ranar Hajiyarmu bata sake barcin kirki ba. To yau kuma guruf ɗin gidanmu na WhatsApp ya cika da hotuna, wannan ya turo taswira da jan tambari har uku a cikin teku wai Kirk da Leslie da Milton, wancan ya turo wani hoto mai layuka kala-kala kamar yaro ya kifar da kwanon taliya, wani ɗan baffanmu kuma ya turo bidiyon ruwa yana jan motoci wanda daga baya na gano tsohon bidiyo ne na wata ƙasa ma daban. Hajiya bata yi boko ba, ta karɓi wayar ta ƙura ma hoton ido ta ce min "yanzu duk ukun nan kan 'yata suka nufa?" na rasa me zan ce mata.

Ita yarinyar duk sanda na kira sai tace Yaya ba komai fa, kowa harkarsa yake. Ni kuma bana so in tayar mata da hankali a banza, bana so kuma in yi shiru abu ya faru. Wacce daga cikin ukun zan sa ma ido? A ina ake samun labarin gaskiya? Kuma wannan farin abu mai kama da mazurari da ake zanawa a gaban guguwar, duk wanda ke cikinsa ne zai sha ko yaya? Na gode, Allah ya bar zumunci.

DirebanHouston | Lahadi, 6 ga Oktoba

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Da farko ka je ka kwantar ma Hajiya da hankali a kan biyu daga ciki. Kirk da Leslie suna can tsakiyar Atlantika, nisansu da Fulorida ya fi nisan Kano da Makka ko ya yi kusa da haka, kuma ba ma can suka dosa ba, Kirk ta riga ta karkata arewa ta kama hanyar Turai. Ka cire su a lissafi kawai. Milton ce taku. Ita tana cikin tekun Meziko, yau ɗin nan ta cika ta zama cikakkiyar mahaukaciyar guguwa, kuma gabas take tafiya, wato bakin tekun yammacin Fulorida inda Tampa take. Laraba ake sa ran isarta.

Labari kuma guri ɗaya zaka bi, cibiyar NHC da ke Miyami, su ne hukumar da gwamnati ta ɗora ma wannan aikin, duk gidajen talabijin daga gurinsu suke ɗauka su ƙara gishiri. Ka fita harkar masu bidiyo a TikTok, su ihu ne abincinsu.

Amma abin da nake so kayi a daren nan ba kallon taswira bane. Kira ta ka tambaye ta gidan da take a wane yanki na kwashe mutane yake. Can sun raba gari A, B, C har gaba, gwargwadon yadda ruwan teku zai iya hawowa, tana sa adireshinta a shafin ƙaramar hukumarsu zai nuna mata. In A ce ko B ta fara haɗa jaka tun yanzu, fasfo da takardun makaranta a leda, magani, caja, fawa bank, kuɗi a hannu saboda in wuta ta tafi kati baya aiki. In tana da mota ko ƙawarta na da ita a cika tanki gobe da sassafe kafin layi ya yi tsawo, don layin mai na ranar guguwa ba abin da ya bambanta shi da namu na gida sai rashin 'yan bumburutu.

Kuma wannan "ba komai" ɗin da take ce maka, nima na faɗe ta a 2017 lokacin Harvey. Guguwar ba a Houston ta sauka ba, can Rockport ta shiga wajen kudu da mu, sai na ce to ai ta wuce mu. Ashe tsayawa zata yi guri ɗaya kwana da kwanaki tana zuba, akwai inda aka auna ruwa inci 60, sama da milimita 1,500 kenan, ya fi abin da Kano ke samu a damina guda cur. Ina zaune a falo cikin dare na ji kafet ya yi sanyi a ƙafata, na ɗauka yara ne suka zubar da ruwa, na haska fitilar waya sai naga takalmana suna yawo a bakin ƙofa. Kafin asuba ya kai gwiwa. A kwale-kwalen wani maƙwabci ɗan kamun kifi muka fita da madam da yara biyu, na ɗora buhun shinkafa a kan firij wai kar ya jiƙe, da muka dawo bayan kwana shida firij ɗin ma a kife na same shi. Iska bata cire mana ko kwano ɗaya ba fa, ruwa ne ya yi komai.

MalamJogirafi_Zariya | Litinin, 7 ga Oktoba, safe

Direba ya gama magana a kan abin yi, bari ni in ɗan taɓa yadda ake karanta shafin NHC ɗin, don ni shekaru nayi ina binsa saboda sha'awa kawai, har ɗalibaina suna min dariya wai Malam na bin guguwar da ba zata zo Samaru ba.

Lokaci tukuna, don kar ka kwana kana latsa waya a banza. Cikakken bayani duk awa shida suke fitarwa, ƙarfe 5 da 11 na safe, 5 na yamma da 11 na dare agogonsu. Mun riga su da awa biyar a wannan lokacin na shekara, kenan a gurinka ƙarfe 10 na safe, 4 na yamma, 10 na dare da 4 na asuba. In guguwa ta matso ƙasa suna ƙara gajeren bayani a tsakani duk awa uku. Tsakanin waɗannan lokutan duk hoton da aka turo maka a guruf ko tsoho ne ko na wani ne da ba hukuma ba.

A babbar taswirar zaka ga tambari iri-iri. Gicciye mai ruwan ɗorawa ko ruwan lemo ko ja, wannan hadari ne da bai zama komai ba tukuna, kalar tana nuna yiwuwar ya zama guguwa cikin kwana bakwai, ɗorawa ƙasa da kashi 40, lemo 40 zuwa 60, ja sama da 60. In iskar ta kai gudun kilomita 63 a awa sai a raɗa mata suna, in ta kai 119 ta zama mahaukaciya, daga nan a fara mataki na 1 har na 5. Daga mataki na 3, wato kilomita 178, ake kiranta babba. Sunayen kuma jeri ne da aka tanada tun kafin shekara ta kama, 21 ne, ana bin haruffa namiji da mace, shi yasa kaga Kirk, Leslie, Milton a jere. Ba wai 'yan gida ɗaya bane ko tare suke tafiya, layin haihuwa ne kawai.

Taliyar da ka gani kuwa, kowane zare hasashen wata kwamfuta ce, akwai ta Amurka GFS, akwai ta Turai, da wasu da yawa, wani lokacin ma kwamfuta ɗaya ake sa ta maimaita lissafin sau da dama ana ɗan canja mata alƙaluman farko. Amfaninta ɗaya a gurin irinmu, in zaren sun haɗe guri guda to masana sun natsu da hanyar, in sun warwatse kowa ya kama gabansa to da sauran magana. Kar ka zaɓi zare ɗaya ka bi shi da yatsa har ƙofar gidan ƙanwarka, mutane na yin haka suna sa ma kansu hawan jini.

Abin da ya ja ni ga harkar nan tun farko shine asalin da yawa daga cikin guguwoyin nan a kanmu suke wucewa. Duk Bahaushe ya san ruwan damina daga gabas yake haɗowa, to wannan jerin hadarin da ke tasowa daga wajen Sudan da Chadi ya ratsa Barno da Kano da Damagaram da Sakkwato ya wuce Mali, duk kwana uku zuwa biyar wani na bin wani, in ya fita teku ta wajen Senegal da Gini ya tarar da ruwa mai ɗumi kamar digiri 26 da rabi zuwa sama, kuma babu iskar sama mai yanke masa kai, sai ya fara juyawa. Kamar 60 ke fita a shekara, kaɗan ne ke zama guguwa, amma mafi yawan manyan da suka yi suna daga nan suke. Kirk da Leslie duka haka aka haife su, kudu da tsibiran Cape Verde. Yana yiwuwa hadarin da ya hana wani zuwa kasuwa a ƙarshen Satumba shine yau ake kira Leslie. Ita Milton ba a can ta tashi ba, a ƙofar gidansu ta haɗu cikin tekun Meziko, kuma irin waɗannan su suka fi ban tsoro don basa bada dogon notis. Ta Cape Verde zaka yi kwana goma kana kallonta tana tahowa, wannan kuwa shekaranjiya aka raɗa mata suna, jibi ake jiranta.

Sarkin_Yawo99 | Litinin, 7 ga Oktoba

Ni fa naji ance duk su suke haɗa abinsu da na'ura, in ba haka ba ya za'ayi guda uku lokaci ɗaya kuma ana dab da zaɓe?? ku dai kuyi tunani

DirebanHouston | Litinin, 7 ga Oktoba

Haba ɗan uwa. Mutanen da suka kasa dawo min da wuta kwana takwas bayan guguwar Beryl a watan Yuli ina kwana a cikin mota saboda zafi, su ne zasu ƙera guguwa? Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba kowace shekara lokacinta ne, da zaɓe da babu. Bawan Allah na tambaya a kan ƙanwarsa, mu bar wannan.

Maman_Iman_FL | Litinin, 7 ga Oktoba, dare

Sannunku. Yanzu na taso daga aiki naga wannan, ni nas ce, ina kudu da Tampa wajen Fort Myers shekara tara kenan. Baban Khalifa in baka gani ba tukuna, abin ya canja sosai daga jiya zuwa yau. Jiya da rana tana mataki na 1, yau kafin la'asar ta kai mataki na 5, iska mil 180 a awa, wajen kilomita 285. Abokan aikina da aka haifa a nan ma jikinsu ya yi sanyi. Kuma an riga an bada umarnin mutanen A da B a yankin Tampa su tashi, ruwan tekun da ake hasashe zai iya hawowa ƙafa 10 zuwa 15, ka ƙiyasta, ya shanye ɗaki har rufi.

Mazurarin nan da ka tambaya shi nake so in yi magana a kai saboda shi ya kusa halaka mu. Ba girman guguwar yake nunawa ba, ba kuma iyakar inda ɓarna zata tsaya ba. Yana nuna inda cibiyarta kawai, idon nan na tsakiya, zai iya bi. Kuma ko shi idon, yadda suka auna abin daga kurakuransu na shekara biyar da suka wuce, sau biyu cikin uku ne yake zama a ciki, sau ɗaya yana fita. Shi yasa yake faɗi a gaba, hasashen gobe kusan daidai ne, na kwana biyar kuwa zai iya kaucewa da kusan kilomita 400, tafiyar Kano zuwa Abuja fa kenan. Sau da yawa ita kanta guguwar ta fi mazurarin faɗi. Helene ɗin da kace ta bi ta gefensu, idonta ya wuce can cikin teku da nisan fiye da kilomita 150 daga Tampa, amma ruwa ya shiga gidaje an rasa rayuka a Pinellas, ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da Tampa, sannan ta je ta yi mafi munin ɓarnarta a kan duwatsun North Carolina wajen Asheville, inda ko ƙamshin teku basa ji. Sama da mutum 200 ake magana.

A 2022 lokacin guguwar Ian, kwana da kwanaki layin tsakiya yana nuna Tampa ko arewa da ita, mu muna gefen mazurarin ta ƙasa. Ni da maigidana muka dinga kallon layin nan muna cewa Allah sarki mutanen Tampa, har na kira wata ƙawata can nace ta taho gurinmu ta fake, kaji fa. Ana gobe sai ta karkato. Ranar 28 ga Satumba ta sauka a Cayo Costa, ƙofar gidanmu, mataki na 4. Ni ina asibiti an riƙe mu, shi yana gida da yarinya, waya ta ƙarshe da muka yi yace min ruwa ya shigo gareji yana hawa sama da ita, daga nan layi ya mutu. Awa goma sha ɗaya ban san ko suna raye ba ina kuma duba marasa lafiya ina murmushin dole. Allah ya tsare, amma gadar Sanibel sai da ta karye, Fort Myers Beach kuwa kamar an share da tsintsiya. Laifinmu ne, muna cikin mazurarin tun farko, layi muka tsaya kallo.

Wani abu kuma da zaka sa ido a kai, ta wane gefen Tampa idon zai shiga. Guguwar nan juyawa take irin yadda ake ɗawafi, hagunka na ciki. To a bakin tekunmu na yamma, wanda ke kudu da idon shi iska ke turo ma teku, wanda ke arewa da shi kuma iskar janye ruwan take daga gaɓa. In ta shiga arewa da Tampa kaɗan, duk ruwan zai cusu cikin mashigin nan nasu da bashi da zurfi, shine abin da ake tsoro tun 1921, rabon da babbar guguwa ta daki garin kai tsaye. In ta shiga kudu da su, sun sha da sauƙi mu kuma mun shiga uku. Tazarar da zata raba biyun bata wuce Kano zuwa Wudil ba, kuma babu mai iya faɗa maka yau. Don haka kar ta zauna jiran a tabbatar.

Kar kuma ka ji gobe ance ta sauko mataki na 4 ko 3 kace alhamdulillahi ta yi sauƙi. Matakin iska kawai yake aunawa. Sau da yawa in ƙarfin ya ragu faɗi take ƙarawa, ruwan da ta riga ta tara kuma yana nan tafe.

Ba sai ta yi nisa ba, ba sai Atlanta ba. Ta fita daga yankin ruwa kawai zuwa gini mai ƙarfi a tudu. In bata da kowa akwai makarantun gwamnati da ake buɗewa a matsayin mafaka kyauta, kuma ta tambaya a masallacin da take zuwa, wlh mutane na ɗaukar ɗalibai a irin wannan lokacin. Ka ce mata Anti tace kunya ba ta wannan makon bace.

Yar_Damagaram | Talata, 8 ga Oktoba

Allah ya kiyaye ta Malam, ya kwantar ma Hajiya da hankali. Ni dariya ce ta kama ni da Direba yace a cire Kirk a lissafi, to ku kun cire mu ta faɗo mana, ina kusa da Paris kuma meteyo, wato hukumar yanayi ta nan, tun jiya take gargaɗi gobe Laraba ragowarta zata shigo Faransa da ruwa mai yawa da iska. Ta mutu a matsayin mahaukaciya tunda ta hau ruwan sanyi, amma gawar ma tana da nauyi.

Malam na Zariya ina da tambaya gare ka. In dai hadarinmu ne ke zama guguwarsu, to bana ai da sun ƙare. Ruwan da aka yi a Nijar bana tsofaffi sun ce basu taɓa gani ba, tsohon masallacin Birni na Damagaram da muka tashi muna gani ya rushe farkon Satumba, Maradi ta sha, har Agadas da cikin hamada ruwa ya yi gudu, ku kuma Maiduguri dam ɗin Alau ya ɓalle ranar 10 ga wata. Amma a daidai wannan lokacin ɗan'uwana da ke aikin jirgin ruwa yace tekun shiru kamar an yi mutuwa. Ya aka yi haka?

MalamJogirafi_Zariya | Talata, 8 ga Oktoba

Hajiya kin kamo inda nake so, kuma kin yi gaskiya, daga guguwar Ernesto a tsakiyar Agusta har Francine ranar 9 ga Satumba ba a raɗa ma ko guda suna ba, alhali nan ne ya kamata a ce kasuwar ta fi ci, don ƙololuwar lokacin wajen 10 ga Satumba ne. A yawancin shekaru maganar tana tafiya, damina mai ƙarfi a Sahel na zuwa tare da guguwa masu yawa, an daɗe da lura da wannan. Bana sai damina ta wuce gona da iri, layin ruwan ya haura arewa fiye da inda ya saba, shi yasa ku da Agadas kuka sha. To hadarin da ya bi ta can sama sai ya fita teku ta wajen Muritaniya maimakon Senegal da Gini, can kuwa ruwan tekun da sanyi, ga busasshiyar iskar Sahara mai ƙura, kafin ya yi kwana biyu ya shaƙe ya mutu. Da damina ta fara ja da baya kudu a ƙarshen Satumba sai ƙofar ta buɗe, Isaac, Joyce, Kirk, Leslie suka dinga fitowa. Ban da Isaac, ita can arewa ta haɗu, amma sauran ukun namu ne.

Uku ɗin nan ma da ake ta mamaki, abin da ya sa masana ke maganarsa shine a watan Oktoba ne, ba a taɓa rubuta mahaukata uku lokaci ɗaya a Atlantika a wannan watan ba. Amma in yawa ake so a tuna 14 ga Satumba 2020, guda biyar a taswira rana ɗaya, Paulette, Rene, Sally, Teddy, Vicky. Ranar na zauna da biro da takarda kamar mai lissafin adashe. Paulette tana kan Bermuda, Sally na rarrafe zuwa Alabama, sauran ukun suna teku, Rene da Vicky ma a tekun suka mutu. Shekarar suna 30 aka raɗa, jerin ya ƙare aka koma haruffan Girka, har Eta da Iota suka daki Nikaraguwa a Nuwamba mako biyu tsakani kusan guri ɗaya. Bayan nan aka daina amfani da haruffan Girkan, aka tanadi jerin ko-ta-kwana. Kuma in kin tuna shekarar ce kogin Kwara ya cika ya shiga unguwannin Yamai, ya cinye gonakin shinkafa a Kebbi.

Hatta su masu aikin ba duka suke bi da ƙarfi ɗaya ba. Jiragen da ke shiga cikin guguwa su saki na'urar awo, na sojan saman Amurka da na hukumarsu ta yanayi NOAA, Milton suke ta zirga-zirga a kai dare da rana, Kirk da Leslie kuwa tauraron ɗan adam aka bar ma su.

Baban_Khalifa | Talata, 8 ga Oktoba, dare

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, ban san ta ina zan fara ba. Na kira ta daren Lahadin kamar yadda Direba yace, bata ma san akwai wani abu wai shi A da B ba, muna kan waya ta duba, B ce. Da farko ta tsaya min gardama wai a bene na biyu take ruwa ba zai kai ba, kuma tana da aikin makaranta, sai na karanta mata rubutun Maman Iman tun daga farko har inda layi ya mutu, tayi shiru, tace to Yaya. Wasu mutanen kirki 'yan Sudan da take haɗuwa da matar a masallaci suka ɗauke ta da wata ƙawarta zuwa gurin danginsu a Gainesville, arewa da Tampa. Tafiyar awa biyu ce wai, sun yi bakwai a hanya, tace babban titin ya cika maƙil kamar fitowa daga Arfa, gidajen mai da yawa sun ɗaure famfo da leda, kuma abin da ya fi tsorata ta shine tulin katifu da kujeru da firij na ɓarnar Helene da har yanzu ke jibge a bakin titi ba a gama kwashewa ba, kowa na cewa iska zata ɗebe su ta yi jifa da su. An rufe filin jirgin Tampa tun safe.

Hajiya kuma na zauna na nuna mata taswirar, na rufe biyun da tafin hannuna nace waɗannan ba namu bane, ga tamu guda ɗaya, ga kuma inda auta take yanzu. Ta ce to a bar mata hannun a gurin. Na kuma roƙi 'yan guruf kar wanda ya sake turo komai sai ni, ɗan baffan namu ya yi fushi ya fita, zai dawo.

DirebanHouston | Laraba, 9 ga Oktoba

Madalla. Abu ɗaya ka ƙara mata, in wuta ta tafi inda suke kuma masu gidan suka tada janareta, a waje can nesa da taga, ba a gareji ba ko da ƙofa a buɗe. Mu mun san wannan tun gida amma a nan duk guguwa sai hayaƙi ya kashe mutanen da iska da ruwa suka bari, lokacin guguwar Laura a jihar Luwiziyana haka aka yi ta rasa iyalai. Kuma kar ta yi saurin komawa don taga rana ta fito, sai an ce a dawo. Maman Iman ku ma muna muku addu'a, yanzu ku ne a gefen kudu.

Baban_Khalifa | Alhamis, 10 ga Oktoba

Ta sauka ƙarfe 8 da rabi na darensu, ɗaya da rabi namu, ina zaune a tsakar gida da waya biyu Hajiya na kan sallaya. A Siesta Key ta shiga kusa da Sarasota, kudu da Tampa, mataki na 3. Abin da Maman Iman ta faɗa shi ya faru sak, maimakon teku ya hau Tampa sai ruwan ya janye har ana ganin ƙasan mashigin. Amma ruwan sama ya yi ɓarna, St. Petersburg da ke maƙwabtaka da Tampa sun samu sama da inci 18, iska ta yaye rufin babban filin wasansu, mutum fiye da miliyan 3 ba wuta. Abin da ban taɓa kawowa ba kuma, tun da rana kafin ta iso wasu ƙananan guguwa masu murɗawa suka dinga sauka can ɗaya gefen jihar, wajen Fort Pierce a bakin Atlantika, suka kashe mutane a inda ni ko kallo ban kai ba a taswirar. Allah ya kyauta.

Auta lafiya lau, ta yi barcinta ma wai, mu ne bamu runtsa ba. Maƙwabciyarta ta turo mata hoto, ruwan sama ya cika gurin ajiye motoci har rabin taya kuma ba wuta, sai Asabar ko Lahadi zasu koma. Yanzu har ta fara cewa da ta sani da ta zauna, nace ki faɗa ma Hajiya haka in kin isa.

Maman Iman dan Allah in kin samu sabis ki leƙo ki ce mana wani abu, naga ance ruwa ya sake hawa wajen Fort Myers. Yar Damagaram ku ma ya kuka kwana da Kirk? Na buɗe shafin da safen nan don sabo, Leslie na nan ita kaɗai a tsakiyar teku tana ta juyi.